Maganin Kawu da Aka Raba Biyu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Bune. Yana da garka a cikin kwari, dabino kaɗan da rake da albasa, sai gonar hatsi a kan tudu. A ƙarshen sanyin shekarar da korona ta zo aka kawo shi Gure, garin da nake zaune, ya rame har riga tana rataye a kafaɗunsa kamar an sagale ta a ƙusa. Ya daɗe yana tari. An sha saiwoyi, an sha rubutu, an sha na kwalba da masu talla ke yawo da shi ranar kasuwa. A asibiti aka ba shi ɗan gwangwani ya tofa kaki, aka duba, aka ce tarin fuka ne.

Ban tsorata ba. Tarin fuka ya daɗe da mu, kuma yana da magani, kyauta ma ake ba da shi. Wata shida ake sha. Abin da ake so kawai shi ne a sha shi cikakke, kowace safiya, kada a yi fashi. Wanda ya sha rabi ya bari, ko ya riƙa rage ƙwayoyin, cutar takan kwanta ta huta, sannan ta tashi ba ta jin maganin kuma.

A bayan asibiti, can jikin katanga, akwai wani dogon ɗaki mai ƙofa biyu da manyan tagogi, da rumfar zana a gabansa. Nan ake ajiye waɗanda suka zo daga nesa, daga Kelle da Gamu da Bune, su yi watanni biyun farko. Mutanen gari suna ce masa ɗakin 'yan tari. Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa ganin an shafa masa fenti ba. Gadajen ƙarfe ne a ciki, wasu an tokare su da bulo. Kowace safiya majo, wato ma'aikaciyar jinyar da ke kula da su, wata mata da aka turo daga yamma, takan zauna a bakin rumfa da faranti da moɗar ruwa. Kowa ya zo ya miƙa hannu, ya haɗiye ƙwayoyinsa a gabanta, ya buɗe baki ta duba.

Buɗe bakin nan ya tsaya wa kawu a rai.

"Ni da furfurata," ya ce mini ranar da na kai masa fura, "yarinya ta ce in wangame baki kamar akuyar da za a saya."

Majo tana jin sa. Ba ta ɗago kai daga farantin ba ta ce, "Baba, akuya ta fi ka saurin haɗiya. Ɗaga harshen."

Ya ɗaga.

Dalilin wannan ƙa'ida ba sirri ba ne. Masu kula da lafiya su da kansu suka kafa ta, mu kuma a gidan rediyon da nake aiki mun yi shekaru muna karanta ta cikin Hausa da Barbarci. Sun san mutanenmu. Sun san idan aka ba mutumin ƙauye magani mai yawa ya tafi da shi gida, ba shi kaɗai zai sha ba, don ba a yi mana tarbiyyar riƙe abu alhali na kusa da mu yana bukata ba. Shi ya sa aka ce hannun majo, sai bakin maras lafiya, babu aljihu a tsakani.

Kawu ya yi kamar wata ɗaya a ɗakin. Tarin ya ragu, ya fara cin tuwo yana neman ƙari, ya fara faɗa da na gadon kusa da shi a kan wa ya fi wani dabino mai kyau. Sai korona ta iso.

Ta rediyo ta iso mana, kuma da muryata wani sashenta ya shiga gidaje. Sanarwa kan sanarwa, daga Yamai, daga Damagaram, daga ƙungiyoyin da ban taɓa jin sun san akwai gari mai suna Gure ba. A wanke hannu, a bar tazara, a daina musabaha, duk wanda ya ga mai tari da zazzaɓi ya kira lamba kaza. Ba ina cewa cutar ƙarya ba ce. Ta kashe mutane a duniya, ta kashe a ƙasarmu, na san wanda ta ɗauke. Abin da nake faɗa shi ne abin da na gani da idona: a cikin 'yan makonni an samo wa cutar da ba ta riga ta shigo garinmu ba abin da ba a samo wa wadda ta kashe kakanninmu ba. An samo motoci, an samo mai, an samo bokitai masu famfo a gindi, an jera su a ƙofar ofisoshi a garin da mata ke bin layin ruwa da bido.

Aka kafa kwamiti. Na halarci zamansu na farko don ɗauko labari. Manya ne, kowa da takunkumi a ƙarƙashin haɓa, sai in za a ɗauki hoto a ja shi sama. Umarni ya zo daga sama cewa kowane asibiti ya tanadi wurin killace masu sabuwar cuta, kuma za a zo a duba. Suka tashi suka zagaya asibiti, ina biye da su da na'urar ɗaukar magana. Suka duba ɗakin haihuwa, bai yi ba. Suka duba sito, ya yi ƙanƙanta. Suka isa jikin katanga suka tsaya. Ɗaki ne nesa da jama'a, ƙofa biyu, iska tana shiga tana fita. Duk abin da ya sa ya dace da masu tarin fuka, shi ya sa ya dace da baƙuwar cuta. Aibinsa ɗaya ne, akwai mutane a ciki.

Ban ji wanda ya tambayi inda za a kai su ba. Na saurari abin da na ɗauka daga baya don in tabbatar. An yi magana a kan launin fenti.

Kafin mako ya zagayo an sallami 'yan tari. Aka ƙulla wa kowa ƙwayoyin wata guda a leda, aka ce ya tafi gida ya sha, idan sun ƙare ya aiko. Majo ce ta ƙulla, da hannun nan da ya saba ba da huɗu-huɗu yana jiran a buɗe baki. Ta yi wa kowa bayani sau biyu. Ita ma a ranar aka gaya mata an sauya mata aiki: za ta koma shingen da aka kafa a bakin gari, ta riƙa auna zafin goshin matafiya.

Na ce wa kawu ya zauna a gidana, in riƙa ba shi da kaina. Ya ƙi.

"Ka ga yadda maƙwabtanka ke kallona in na yi tari? Jiya wata ta janye ɗanta kamar ta ga kura. Ga kuma sharar gona ta gabato. In zauna nan in yi me, in riƙa jin ka kana gaya wa mutane su kira mini lamba?"

"Kawu, huɗu kowace safiya. Kada ka rage, kada ka tsallake."

"Na ji. Ku 'yan lakwal masu boko kun ɗauka ku kaɗai kuka iya ƙirga huɗu."

Ya tafi da ledarsa. Aka shafa wa ɗakin fenti fari da shuɗi, aka kawo gadaje sababbi da katifu cikin ledarsu, aka rataya allo da rubutun Faransanci, aka sa kwaɗo. Bulon da ake tokare tsofaffin gadaje da shi aka tara a gefe, da tsari.

Sai bayan ƙaramar salla na samu na je ƙauyen. Na tarar da kawu a inuwar bishiyar bedi a ƙofar gida, ya yi kumari, yana gyaran kotar hauya. Kusa da shi taubashinsa ne, ladanin masallacin ƙauyen, wanda tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Ɗan birni," in ji ladan, "gawa ka zo gani? Ga ta nan, ta yi ƙiba, ta ishe mu da surutu."

"Rabu da shi," in ji kawu. "Ba don ni ba da yanzu zakara ke kira mana salla."

"Zakara ya fi ka zuwa masallaci."

Na yi dariya, na zauna, aka kawo ruwa. Sai ladan ya matso ya rage murya, kamar mai ba da labarin abin arziki.

"Amma maganin nan naku na Gure yana da ƙarfi. Fitsarina ja wur, kamar zoɓo. Ranar farko na ɗauka jini ne, har na fara raba gado."

Na san abin da ke sa fitsari ya yi ja. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin tarin fuka ne. Na dubi kawu. Bai kawar da kai ba, don a ganinsa babu abin ɓoyewa.

"Huɗu nake sha," ya ce, "na koma biyu, shi biyu. Ga shi duk mun tashi."

"Kawu, ai na ce kada ka rage."

"Ka ce. To saurara. Ina kwance ina jin wannan tsohon banzan ya ɗauko kiran salla, kafin ya kai rabi tari ya sarƙe shi, sai ya tsaya, ya sake ɗaukowa. Irin tarina ne, na san muryarsa. Ni kuma ga magani cike da leda a ƙarƙashin matashina. Kai da ka yi karatu, gaya mini yadda ake yin wannan. In juya in ba bango fuska?"

Na juya ga ladan na tambaye shi me ya hana shi zuwa Gure a duba shi a ba shi nasa.

"In zo a tare ni a bakin gari da bindigar nan ta goshi? In yi tari ɗaya a kama ni a kulle a ɗakin da aka kori wannan? Muna jin ku, ai. Duk mai tari a kira lamba. An ce wanda ya mutu a can ko wanka ba a yi masa, a leda ake naɗe shi. Ni da nake wanke gawar mutane, in tafi ba wanka?"

Na yi musu bayani iyakar iyawata, da Hausar da nake karanta labarai, a hankali, kalma bayan kalma. Suka saurara da ladabi, kamar yadda ake sauraron yaron da ya haddace darasi. Shaidarsu tana zaune a gabana: mutum biyu da suka daina tari. Tawa shaidar ba a ganinta, sai nan gaba.

Da na komo Gure na tsaya a shinge. Majo tana tsaye cikin rana, tana nuna wa fasinjojin wata mota na'urar auna zafi a goshi ɗaya bayan ɗaya. Zafin rana ya rikita na'urar, wani ta nuna ya fi wuta, wani ta nuna ya yi sanyin gawa, kowa dai wucewa yake. Na gaya mata abin da na tarar. Ta goge fuska da gefen ɗankwali.

"Su nawa na sallama ran nan?" ta ce, ba ni take tambaya ba. Sannan ta ce, "Ka kawo su duka biyun."

Ba su zo ba. Ruwa ya sauka, aka shiga shuka, daga nan noman farko, daga nan maimai. Babu manomin da ke jin ƙarfi a jikinsa da zai bar gona da damina ya je a duba masa ciwon da ya daina ji. Na riƙa karɓo wa kawu ƙwayoyi ina aikawa, ban san yadda ake kasafta su a can ba, ko da yake ina iya zato. Wani wata na je aka ce babu, motar da ke kawo su ba ta zo ba, iyakoki a rufe, kuma mai kula da sito ya tafi taron horo a kan korona. Taron horo dai ba a taɓa fasa shi ba. Babur ɗin da a da ke zagaya ƙauyuka neman waɗanda suka yanke shan magani, shi ma ya koma ɗaukar lasifika yana yawo cikin gari yana cewa a wanke hannu.

Bayan girbi tarin ya dawo, wannan karon da jini. Suka zo tare, kawu da ladan, a zaune bayan mota a kan buhunan kanwa, ko zagin juna ba sa iya yi sosai. Aka duba ladan, aka sa shi a magani daga farko, ya karɓe shi. Yana nan da ransa har yau. Kawu kuwa aka mayar da shi kan ƙwayoyin, tarin bai motsa ba. Majo, wadda aka maido bayan an ɗauke shingen ba tare da wata sanarwa ba, ta ce tana jin cutar ta daina jin maganin. Akwai wani maganin, mai tsawo da wahala, amma ba a fara shi sai an tabbatar, na'urar da ke tabbatarwa kuma tana Damagaram.

Don tarin fuka aka kawo na'urar nan tun asali. Sai aka gano tana iya gwajin korona, shi ke nan ta samu sabon ubangida. Kakin kawu ya je ya hau layi a bayan gwaje-gwajen sabuwar cuta, har da na ƙosassun mutane masu neman takardar tafiya ƙasar waje. Kakin farko ya lalace yana jira. Aka ce a sake tofawa, aka sake aikawa.

Duk wannan lokacin a shagon ƙofar gidana yake kwance, don babu wurinsa a asibiti. Kullum na je karɓo masa magani sai na wuce ta gaban ɗakin. Kwaɗo yana nan. Ta taga ana hango katifun cikin ledarsu. Ba zan rantse cewa ba a taɓa kwantar da kowa a ciki ba, amma ni ban gani ba, kuma aikina ne in gani. Abin da na gani shi ne baƙi. Sukan zo a manyan motocin kat-kat biyu ko uku, a buɗe musu ɗakin, su shiga su tsaya tsakanin gadaje, a ɗauki hoto, su yaba da shiri, a rufe. Na yi hira da wani babba a cikinsu, ya ce Gure abin koyi ce. Mun watsa hirar sau biyu. 'Yan tari na lokacin suna zaune a gindin katanga ta waje, inda suka kafa wa kansu 'yar rumfa da tsofaffin buhuna, suna kallon motocin.

Kawu ya gaji da jira. Wata safiya na tarar ya naɗe tabarmarsa.

"Ka mayar da ni gida."

"Sakamakon ya kusa, kawu."

"Tun dabino yana ɗanye kake cewa ya kusa. Ɗana, ka yi iyakar yinka. Amma ba zan mutu a shagon mutane ina kallon ƙafafun masu wucewa ba. Ina da ɗaki."

Na mayar da shi. Sakamakon ya zo bayan haka, ya tabbatar da abin da majo ta faɗa tun farko. Aka ce a kai shi Damagaram a fara sabon magani. Na je da niyyar ɗauko shi, na tarar ko zama ba ya iyawa sai an tallabe shi, numfashinsa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Hanyar kuwa rairayi ce, mai lafiya ma yana sauka a jigace. Matarsa, wadda muke kira inna, ta dube ni ta girgiza kai. Na zauna da su. Ya rasu da hantsi, ladan ya yi masa wanka, muka kai shi kafin azahar.

Washegari muna zaman makoki a ƙofar gida sai muka ji ƙugin mota. Farar kat-kat ce, sabuwa, ta ratso tudun da ake cewa mota ba ta hawa. Wani ɗan ƙauyen da ke da waya ne ya kira lambar nan, ya ce wani tsoho ya mutu da tari da sarƙewar numfashi. Mutum uku suka sauko cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ɗaya da tankin feshi a baya. Jama'a suka dare. Shugabansu, wani matashin lokotoro, wato likita, ya tsaya daga nesa ya tambayi waye dangin mamaci. Na tashi.

"Yaushe ya fara tarin?"

"Ya fi shekara."

"Ya yi tafiya? Ya haɗu da wani da ya zo daga waje?"

"Gure kawai ya je. Tarin fuka ne, lokotoro, mai ƙin magani. An gwada a Damagaram, an tabbatar."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ja takunkumin ƙasa, ya sauke numfashi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Sai ya tuna inda yake. "Wato, Allah ya jiƙansa. Allah ya ba da haƙuri."

Suka tuɓe fararen kayan suka jefa a bayan mota, mai feshi ya ajiye tankinsa. Suka zo suka zauna a tabarma cikin mutane, kafaɗa da kafaɗa, aka yi fatiha, aka kawo musu ruwa suka sha. Yaran kirki ne, sun san gaisuwa.

Daga cikin gida ana jin inna tana tari. Ta yi watanni tana kwana ɗaki ɗaya da shi, tana zubar da gwangwaninsa. Na ja lokotoron gefe na gaya masa, na ce ga wuri a motarsu, ko za su tafi da ita a duba ta.

Ya saurari tarin na ɗan lokaci, ya san abin da yake ji. Ya ce ya so ƙwarai, amma motar da man da ke cikinta na aikin korona ne, direba zai yi bayanin duk wanda ya ɗauka. Ya ce in tabbata na kawo ta da wuri, kada a yi sakaci, irin wannan tarin ba a wasa da shi.

Sannan ya tambayi hanyar da ta fi ƙarancin rairayi zuwa Gure. Aka tashi wani ya nuna musu.